Kawu da Akwatin da Na Hana a Raba

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, ana yayyafi, a gidansa da ke Samaru. Kafin azahar tsakar gida ta cika, sai da aka aro bencina daga majami'a aka jera a ƙofar gida. Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma da yake ba ni da aikin da zan ce ina sauri in koma, ni aka ɗora wa tarbar baƙi da kai su wurin matarsa, wadda dukanmu muke kira Mama. Saboda haka kusan duk abin da aka faɗa a kansa a kwanakin nan, a kunnena aka faɗa.

Fasto ya ce malamin makaranta ne mai aminci. Tsofaffin ɗalibansa, waɗansu har da furfura, suka tuna bulalarsa da kyan rubutunsa a allo. Matan zumuntar majami'a suka ce bai taɓa makara sujada ba. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Yayarsa, wadda duk gidan ke kira Goggo, ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "To, ya huta. Mu ma mun huta da ƙarar ƙarafa." Aka yi 'yar dariyar nan ta zaman makoki, wadda ake yi don a samu numfashi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, tsohon telan layin, Musulmi, maƙwabcin Kawu tun kafin a haife ni. Ya yi addu'arsa, ya shafa, ya miƙe da ƙyar. A zaure ya tsayar da ni ya rage murya.

"'Yata, ɗakin nan na baya fa? Me za a yi da kayan ciki?"

Na ce ban sani ba. Ya girgiza kai ya tafi.

Bayan jana'iza na samu amsa. 'Ya'yan Kawu uku ne, duka maza, kuma babu wanda ke zaune a Zariya. Dattawa suka yanke cewa kafin su koma za a raba kayan mamaci kamar yadda aka saba, riguna da takalma da littattafai da duk abin da ke ɗakin baya, kowane ɗa ya tafi da abin tunawa. A ɗakin akwai wani akwatin katako. Shi ne dalilin wannan rubutu. Ana cewa na yi rashin kunya a kansa, kuma watakila na yi. Abin da nake roƙo kawai shi ne, wanda zai yanke mini hukunci ya fara sanin mutumin, ya kuma san abin da ke cikin akwatin.

Kawu ba makaniki ba ne, ba maƙeri ba ne, idan ka kira shi da ɗaya daga ciki nan take zai gyara maka zance. Malamin firamare ne har ya yi ritaya. Ƙarfe sha'awa ce kawai, wadda ta kama shi tun yana saurayi ba ta sake shi ba. Ɗakin baya yake kira ofis. Da ya karya kumallo zai ɗaura tsohon zanen Mama a kan rigarsa ya ce, "Na tafi ofis," alhali taku goma ne daga inda yake zaune. A ciki akwai tebur mai kauri, da bais da ake matse ƙarfe a bakinsa, da magagari iri-iri rataye a bango, sai akwatin.

Ga wanda bai sani ba, kamar yadda ni ma ban sani ba kafin in zauna da shi: layin nan da ke zagaye jikin noti, wanda ke sa shi ɗauruwa, shi ake kira tiredi. Taf ɗan sandan ƙarfe ne mai haƙora, ana murza shi a cikin rami ya yanka tiredi. Dayis kuwa kamar tsohon kwabo yake mai huda a tsakiya, shi ke yanka tiredi a jikin sanda. Su ne cike da akwatin Kawu, kowanne a gurbin da ya sassaƙa masa da hannunsa, don kada haƙoran wani su taɓa na wani. Ban san shekarun da ya yi yana tara su ba. Na dai san ɗaya-ɗaya suka zo, kuma babu wanda ya shiga akwatin nan ba tare da ya ci jarrabawa ba.

Na shiga ofis ne bayan na gama hidimar ƙasa na dawo gida ina jiran aiki. A lokacin idon Kawu ya fara rauni, ba ya iya karanta ƙananan lambobin da ke jikin ƙarfe. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana, Uwata yake ce mini. Wata rana ya aiko a kira ni ya ce, "Uwata, digirinki zai iya karanta lamba?" Na ce ina jin zai iya. Ya ce, "To sa takalmi, Sabon Gari za mu."

Muka hau bas muka sauka PZ, muka taka zuwa wani shagon kayan aiki. Mai shagon mutum ne mai fara'a, Hausarsa ta kasuwa ce. Da jin abin da muke nema ya sauko da wani jan akwatin roba ya buɗe. Taf da dayis ne reras, manya da ƙanana, suna walƙiya kamar gwal.

"Baba, ga abin da ya dace da kai. Komai da komai na ciki. Orijinal."

Kawu ya zaro ɗaya ya miƙo mini. "Uwata, me aka rubuta?"

Na juya shi a haske. "Kawu, kamar akwai lamba, amma ina jin ta fara gogewa."

"Sabo ne, lamba ta goge? Da me ta goge, da kallo?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ɗan ƙaramin magagari nannaɗe a hankici. Ya dubi mai shagon. "Ka yarda in gwada?"

"Gwada mana, Baba. Ƙarfe ne, ba burodi ba."

Kawu ya goga magagarin sau ɗaya a jikin taf ɗin. Ya kama, ya ci, har gari ya zubo a kan kanta.

"Ashe burodi ne," in ji Kawu.

"Haba Baba! Ka ɓata mini kaya!"

"Da ni da wanda ya shafa masa fenti, wa ya ɓata shi? Abin da aka yi don ya yanka ƙarfe, magagari ya yanka shi. Wa zai yanka wa ke nan?"

Mutane suka fara tsayawa. Ni dai kunya ta kama ni, ina jan hannun rigarsa. Mai shagon ya yi ta faɗa, ya kira maƙwabcinsa shaida, sannan ba zato ya shige ciki. Ya dawo da wata 'yar takarda da mai ya jiƙa, ya warware. Taf uku ne, masu launin toka, babu ko ɗigon walƙiya. Kawu ya goga magagari, ya zame ya wuce da wani siririn sauti, bai bar ko tabo ba. Ya gangara kowanne a kan gilashin kanta yana saurare, don mai lanƙwasa ba ya gangara sumul. Ya bi haƙoran da farcen babban yatsa. Ni kuma na karanta masa lambar, a sassaƙe take cikin ƙarfen, ta faɗi kauri ta faɗi tazarar tiredi.

"Me ya hana ka fara da waɗannan?" in ji Kawu.

"Wa ke tambaya, Baba? Mutane launi suke saye."

Ukun nan kaɗai ya saya. A bas, yana rungume da su a ƙirji, ya yi mini karatun da ban roƙa ba. Ya ce kada in taɓa sayen babban akwati mai komai da komai, don rabin abin da ke ciki har in mutu ba zan buƙata ba, sauran rabin kuma ranar da na buƙace shi zai ba ni kunya. A sayi girman da aiki ya nema, mai kyau, a jira wani aikin ya nemi wani. Ya ce dayis mai tsaga a gefe ya fi, don ana iya buɗa shi kaɗan a yankan farko a matse a na biyu. Ya ce in duba mariƙi, wato abin da ake kama taf da shi a murza, kamar yadda nake duba taf, don mariƙin banza sai ana tsakiyar aiki yake sakin hannu. Ya ce tsohon ƙarfe da aka yi aiki da shi cikin mutunci ya fi masa sabon da bai san asalinsa ba. Wata mata a gefenmu ta ce, "Baba, wa'azi kake?" Ya ce, "Wa'azi sai Lahadi, Hajiya. Wannan gargaɗi ne."

A gida ya nuna mini dalilin da ya sa suke uku. Girmansu ɗaya, amma aikinsu daban. Na farko yana da zobe ɗaya a wuya, bakinsa siriri ne, shi ke shiga ramin ya shata hanya. Mai zobe biyu ya bi ya zurfafa. Na uku, marar zobe, shi ke kammalawa har noti ya zauna daram. Na farko shi kaɗai ba ya gama tiredi. Na uku shi kaɗai ba ya iya farawa, idan aka tilasta shi karyewa yake yi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan, don a kansa aka yi rigimar.

Kallonsa yana aiki wani abu ne. Zai ɗiga mai, ya daidaita taf ɗin, ya leƙa ta gaba ya leƙa ta gefe, ya murza rabin zagaye, sannan ya komo baya kaɗan har a ji ƙas, wato gutsuren da aka yanko ya karye. Rabi gaba, kaɗan baya, har ƙarshe. Ba ya magana a lokacin, kuma ba ya son a yi. Idan ya ji nauyi ya ƙaru a hannunsa, sai ya tsaya cak ya warware ya share. Na taɓa ce masa ai saura kaɗan, ya ƙarasa mana. Ya ce, "Duk wanda na karya a rayuwata, saura kaɗan ne."

Ya karya kuwa, kuma mafi muni a keken ɗinkin telan nan ne. Wannan labarin ban gani da idona ba, daga bakin su biyun na ji, kuma sun saɓa a wasu wurare, don haka zan faɗi inda suka haɗu kawai. Keken tsoho ne, na zamanin Turawa, tiredinsa na inci ne, ba na milimita da ya cika kasuwa yanzu ba. Wani ya taɓa cusa masa noti na milimita da ƙarfi, ramin ya lalace. Ana saura kwanaki kaɗan Salla, ɗinki ya yi wa tela tsibi. Kawu ba shi da taf mai girman da ake buƙata, ya ruga Sabon Gari, ya ɗauki abin da ya samu ba tare da ya gwada ba. A murzawa ta huɗu taf ɗin ya karye a ciki, daidai da bakin ramin, babu abin kamawa.

Tela ya ce Kawu ya ajiye mariƙin ya miƙe. Ya fita, jim kaɗan sai ga shi da keken ɗinkin Mama a ka, ya dire a shago ya ce, "Yi aikinka." Mama ta dawo daga kasuwa ta tarar da gurbin kekenta. An ce kwana biyu tuwonsa a rufe ake ajiye masa a ƙofar ofis. Shi kuwa ya kai keken tela ofis, ya yi mako uku yana tsinke gutsuren da ƙyar, ɗan kaɗan kullum, har ya fitar da shi bai taɓa jikin keken ba. Tun daga ranar magagari bai sake barin aljihunsa ba. Keken yana ɗinki har yau.

Akwai kuma rigimar ƙararrawa. Sandan da ke riƙe ƙararrawar majami'a ya saki, kwamiti ya yanke a kira mai walda ya like shi a huta. Kawu ya miƙe a taro ya ce bai yarda ba. Ya ce abin da aka ɗaura da noti, an ɗaura shi ne don wanda zai zo baya ya iya kwancewa ya gyara, walda kuwa rufe wa jikoki ƙofa ne. Wani dattijo ya ce, "Malam, ƙararrawa ce fa, ba jirgin sama ba." Kawu ya ce, "Jirgin sama ba a kan 'ya'yanmu yake rataye ba." Aka ƙi saurarensa, ya ce to a cire sunansa daga kwamiti. Aka yi makonni ana aike tsakani. A ƙarshe, don a zauna lafiya, aka ce ya yi yadda yake so. Ya sa aka sauko da sandan, ya yanka masa sabon tiredi da dayis, ya yi masa noti biyu, ɗaya na danne ɗaya. Bai koma kwamitin ba duk da haka. Ya ce ya riga ya faɗa.

Ba zan ɓoye ba, mutum ne mai taurin kai da zafin baki. Ba ya ba da aron kayan aiki ga kowa, ko fasto ne. Idan ka zo aro zai ce, "Kawo abin da ya lalace, ka bar mini ƙarfena." Kuma zai gyara, ba ya karɓar komai. Akwai wani gurgu mai sayar da goro a bakin kasuwar Samaru, ƙafar kekensa ta yi ta kwancewa, duk wanda ya kai wa sai ya naɗa masa waya ya sallame shi. Kawu ya gan shi a gefen titi yana fama, ya durƙusa a cikin taɓo da fararen kayansa ya duba, ya ce ya biyo shi gida. Ya yi masa sabon sanda tun daga farko. Mutumin ya kawo goro, Kawu ya ce ba ya ci. Ya dawo da kaza, Kawu ya ce ya mayar. Ranar jana'iza ya tuƙo keken nan har maƙabarta, ya tsaya a baya can.

Wannan ne mutumin da aka ce an huta da ƙarar ƙarafansa.

Ranar rabo aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan karin kumallo. Dattawa biyu suka zauna, ga Goggo, ga mahaifiyata, ga 'ya'yan uku, Mama kuma a gefe ta lulluɓa. Babban, wanda nake kira Yaya, shi ne ya zo daga Abuja. Riguna suka rabu lafiya, littattafai ma haka. Aka fito da akwatin, Mama ta kwanto makulli daga bakin zanenta, Goggo ta buɗe. Ta leƙa ciki, sai ta tafa hannu.

"Allah mai iko! Ku zo ku gani. Uku-uku ya jera su. Ashe ya san abin da yake yi, 'ya'yansa ya tanadar wa. A kawo faranti uku."

Aka kawo farantan tasa. Ta fara zarowa daga gurbi tana jefawa: mai zobe ɗaya na babba, mai zobe biyu na mai bi masa, marar zobe na auta. Suna faɗawa a kan juna, haƙori a kan haƙori. Kowa na jinjina kai, har ɗaya daga cikin dattawan ya ce lalle marigayi mai hangen nesa ne. Ba mugunta ba ce, ina so a fahimci wannan. Adalci suke yi iyakar saninsu.

Na ce, "Goggo, don Allah a gafarce ni. Ina jin, watakila, ba haka ake raba su ba."

"To yaya ake raba su, Malama?"

"Ba a raba su."

Autan ya fashe da dariya. Ni da su taubasai ne, 'yar mace da 'ya'yan namiji, tun muna yara tsokana ce gaisuwarmu. Ya ce, "Taubashiya ta fara. A kawo mata nata farantin, ko murfin tukunya ne."

Na yi bayani iyakar iyawata. Na ce kowane uku abu ɗaya ne, idan aka raba su babu wanda zai tafi da kayan aiki, kowa tarkace zai tafi da shi. Na ce waɗansunsu na inci ne, ban san inda za a sake samun irinsu ba, kuma akwai kekuna da injina a garin nan da ba su da wani magani sai su.

Dattijon ya ce, "'Yata, abin tunawa ne. Ba aiki za su yi da su ba."

Na ce, "Shi ne abin da nake tsoro, Baba."

Sai Yaya ya yi magana. Tun zuwansa ban ji ya ɗaga murya ba, kuma a nan ma bai ɗaga ba.

"Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba. Shekarar da na gama sakandare na shiga ɗakin nan ba ya nan, na ɗauki ɗaya zan gyara kekena, ya karye. Bai dake ni ba. Kwaɗo ya sa wa ƙofar. Daga ranar ban sake taka ɗakin ba, ni da ƙannena duka. Na yi aure, na haihu, in na zo gida daga bakin ƙofa nake gaishe shi yana juya mini baya yana murza ƙarfe. Ke da kika zo jiya ya buɗe miki. Yanzu ke za ki koya mini darajarsu? Na san darajarsu. Sun fi mu."

Ban san wannan labarin ba. Kawu ya yi masa ba daidai ba, na faɗa a nan kowa ya karanta. Abin da ya zo bakina kawai shi ne, "To Yaya, ka ɗauka duka."

"Ba na son duka. Kasona nake so. In ma rijiya zan jefa shi, nawa ne."

Ana cikin haka sai ga waƙa daga ƙofar gida, matan zumunta na ƙauyen su Mama ne suka iso gaisuwa. Kowa ya miƙe tarba, dattawa suka ce a ƙarasa bayan abinci. Tsakar gida ta watse, aka bar ni da faranti uku.

Ban shirya abin da na yi ba, ko da yake na san ba lalle a yarda da ni ba. Na durƙusa na tsince su ɗaya-ɗaya, ina karanta lamba ina mayar da kowanne gurbinsa. Na rufe, na murɗa makulli, na zare shi. Na kinkimi akwatin na ɗora a ka. Autan yana bakin rijiya yana wanke hannu, ya gan ni ya kwashe da dariya.

"Jama'a, ga ɓarauniya da rana tsaka! A sauka lafiya, taubashiya!"

Ya ɗauka wasan da muka saba ne, irin na ɓoye wa juna hula da takalmi, zan kai zaure in dawo. Waɗanda suka waigo ma haka suka ɗauka, suka yi murmushi suka ci gaba da gaisawa.

A zaure na yi karo da Mama, ta tsaya ita kaɗai bayan baƙinta sun shige. Ta dubi akwatin, ta dube ni.

"Sauke."

Na sauke. Na ce a raina shi ke nan. Ta zare ɗankwalinta daga ƙarƙashin mayafi, ta naɗa shi gammo, ta ɗora mini a ka. Ta kama gefe ɗaya na akwatin muka ɗaga tare.

"Zai ci miki kai kafin ki kai titi," in ji ta. Ta juya ta shige gida.

Akwatin yana Hanwa, a ɗakina, a gidan mahaifiyata. Ba na ɓoyewa. Na san a al'ada ba ni da gado a gidan Kawu, ko allura. Na san na kunyata mahaifiyata, wadda tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu. Goggo ta aiko cewa boko ne ya ɓata ni. Yaya bai kira ba, kuma shirunsa ya fi komai damuna, don a cikinmu duka shi ne mai gaskiyar da ta fi ciwo. Na yi ta juya maganar ko zan ga inda na ɓata, na kuma ga wurare da yawa. Ya kamata in yi magana da dattawa tun kafin a zauna. Bai kamata in ce wa Goggo ba a raba su a gaban mutane ba. Duk na yarda.

Abin da ban yarda da shi ba guda ɗaya ne. Ba zan miƙa akwatin nan a juye shi a faranti uku ba. Ba nawa ba ne, kuma ba na so ya zama nawa. Duk wanda 'ya'yan Kawu suka amince da shi, ɗaya daga cikinsu ko wani da suka zaɓa, ya zo ya ɗauka gaba ɗaya, ni zan kai masa har mota. Idan Yaya ne ya karɓa duka ya jefa a rijiya, zan yi kuka, amma ba zan hana ba, don shi da mahaifinsa ne.

An kira ni ranar Lahadi bayan sujada, gaban dattawa. Zan je. Zan cire takalmi, in durƙusa, in ba Goggo haƙuri, in ba Yaya haƙuri, in saurari duk abin da za a faɗa mini kaina a ƙasa. An ce in zo da akwatin. Ni kaɗai zan je.

Allah ya ba Kawu hutawa, ya yafe masa abin da ya yi wa 'ya'yansa, ya sanyaya zuciyar waɗanda ya bari. Amin.